Daga Bakin Rumfa: Kafin Ka Kalli Idon Kyamara, Fara Duba Murfin Batir

  

Yau maganar kyamara za mu yi, kuma a jikin kyamarar ma wurin da kowa ya raina: ɗan murfin nan na ƙasa da ake buɗewa a saka batir. Na san wani zai ce, Malam, duk harkokin da ke gabanmu ka rasa abin rubutu sai murfi? To a yi haƙuri a saurare ni. A cikin kyamarorin gwanjon da suka bi ta hannuna, waɗanda suka koma kwandon shara saboda wannan murfi da abin da ke bayansa ba kaɗan ba ne, alhali idonsu garau yake, allonsu ko ƙwarzane babu. Duk wanda ya zuba jari a irin wannan kaya, ko yake cin abinci da ɗaukar hoton biki da suna, wannan magana ta aljihunsa ce.

Me ya sa yanzu?

Da yawanmu mun ɗauka waya ta gama binne ƙaramar kyamara, kuma lissafi ya nuna kusan hakan. Ƙungiyar kamfanonin kyamara ta Japan, CIPA, ta ce a 2010 an fitar da kyamarori wajen miliyan 121 zuwa kasuwannin duniya. Zuwa 2023 adadin bai kai miliyan 8 ba. Sai ga shi a 'yan shekarun nan matasan Turai da Amurka sun koma neman tsofaffin ƙananan kyamarorin nan da iyayensu suka jefa a durowa, suna cewa hotonsu ya fi na waya armashi. Abin ya yaɗu ta TikTok, yaranmu ma sun gani, farashi ya motsa. Mai rumfar kayan lantarki yanzu yakan ji ana tambayarsa kayan da a da ko kyauta ba a karɓa.

Ga inda gizo ke saƙar. Tunda kamfanoni sun rage ƙera irin waɗannan tun tuni, mafi yawan abin da ke zuwa cikin katan ɗin gwanjo ya haura shekara goma, wasu sun doshi ashirin. Gilashi ba ya jin shekaru sosai, amma roba tana ji. Tana bushewa, ta yi gautsi, kuma robar da ta fi kowace shan wahala a jikin kyamara ita ce ta murfin batir, don ita ake buɗewa ana rufewa kullum.

Iri biyu ne, kuma ba ɗaya suke ba

Iri na farko su ne masu amfani da batirin tocila ƙarami, wato AA, guda biyu ko huɗu. Yawancin jerin PowerShot A na Canon haka suke, haka ma Coolpix da yawa na Nikon da wasu FinePix na Fujifilm. Mutanenmu suna son su, da gaskiyarsu, don batirin AA ko a ƙauye ka same shi a teburin mai shago. Amma ka buɗe murfin ka juya shi, za ka ga 'yan faifan ƙarfe a maƙale a cikinsa. Waɗannan ƙarafan su ke haɗa batir da batir har wuta ta zagaya. Can ƙasan ramin kuma akwai sifirin da ke turo batiran waje da ƙarfi. Ma'ana murfin yana aiki biyu: shi ne hanyar wuta, shi ne kuma yake danne sifirin dare da rana, ko kyamarar tana kunne ko tana kashe. Duk wannan nauyi a kan me ya rataya? A kan 'yan haƙoran roba biyu ko uku da ba su fi ƙwayar shinkafa ba. Ran da ɗaya ya ɓalle, murfin zai ɗan ɗaga, wuta ta riƙa yankewa, kyamara ta riƙa mutuwa tana tsakar aiki. Ran da na biyu ya bi shi, batira su zubo ƙasa.

Abin da ya fi muni shi ne idan haƙorin da ya karye ba a jikin murfin yake ba, a jikin gangar kyamarar yake, wato ramin da murfin ke kamawa. Murfi ana canza shi. Ganga kuwa sai an kwance kyamarar ɗungurum, kuma kuɗin aikin sau da yawa ya fi kuɗin kayan.

Iri na biyu su ne masu batirin lithiyam, ɗan faffaɗan nan da ake caji, irin su NB-4L ko LP-E6 na Canon, EN-EL15 na Nikon, NP-FW50 na Sony. A nan masu ƙira sun raba aikin. Akwai wata 'yar sakata a ciki, galibi mai launin ruwan goro ko ruwan ɗorawa, ita ke riƙe batirin. Murfin rufa ce kawai, babu mai tura shi. Shi ya sa irin wannan ya fi ƙarko nesa ba kusa ba. Nasa ciwon daban ne: idan 'yar sakatar ta karye, nauyin ya dawo kan murfin da ba a yi shi don ɗaukar nauyi ba, sannan neman batirin da ya dace da kowace kyamara wani aiki ne, don kowane kamfani da nasa, kai har a cikin kamfani ɗaya iri-iri ne.

Matacciyar da ba ta mutu ba

Ga wani sirri da ya kamata kowane mai saro gwanjo ya riƙe. Kyamarori da yawa, musamman manyan Canon masu canjin ido, suna da wani ɗan makunni ɓoye a bakin ramin batir. A jikin murfin akwai ɗan tsinin roba da ke danna shi idan an rufe. Muddin bai dannu ba, kyamarar ba za ta kawo wuta ba ko da sabon batir ne fil a cikinta. An yi haka ne don kada a zare batir tana tsakar rubuta hoto a kan memori. Wasu ma murfin memorin yana da irin wannan makunnin.

To ka ga idan tsinin nan ya karye, ko ƙura ta cushe wurin, mai kaya zai ce maka ta mutu, ya jefa ta cikin tarin na kwancewa. Wanda ya san kan abin sai ya ɗauki tsinken sakace, ya danna makunnin a hankali da batir a ciki, ya kunna. In ta kawo, ka san ciwon murfi ne kurum. Manyan kyamarori da yawa an yi murfinsu ne yadda za a iya cire shi da hannu, don a samu damar ɗaura ƙarin mazaunin batir a ƙasa, saboda haka canza shi aikin minti ɗaya ne, kuma ana samun sabo a wajen masu kayan gyara. Sani a nan riba ce tsagwaronta.

Haka kuma kada a yanke wa kyamarar AA hukunci da batirin da bai dace ba. Ka duba jikin batir, akwai lamba. R6 shi ne mai arhar nan na rediyo da tocila; ba ya iya ba kyamara wutar da take ja, za ta ɗauki hoto kaɗan ta ce batir ya ƙare, ko ma ta ƙi tashi. LR6 shi ne alkalin, ya fi shi. HR6 shi ne na caji, kuma shi ya fi dacewa da kyamara, ko da yake bolt 1.2 aka rubuta a jikinsa maimakon 1.5. Irin Eneloop, wanda Sanyo ya fito da shi a 2005, yanzu kuma yake hannun Panasonic, yana daɗewa a ajiye cajinsa bai zube ba. Sai dai a lura: wasu batiran caji masu babbar lamba sun ɗan fi na yau da kullum kauri. In ka ji sai da ƙarfi murfi zai rufu, tsaya, kada ka matsa.

Abin da ke bayan murfi

Batirin alkalin da aka manta a cikin kyamara wata da watanni yakan yi yoyo. Ruwan da ke fitowa yana cin ƙarfe, idan ya bushe ya bar wani farin gari kamar kanwa, in ya taɓa jan ƙarfe kuma ya koma kore-kore. Yana cin fata, kuma haɗari ne ga ido, don haka kada a busa shi da baki. Gyaransa: a sami tsinken auduga na goge kunne, a ɗan jiƙa da ruwan lemun tsami ko binega, a shafa a wurin, za a ga yana ɗan kumfa. A goge, a bi da sifirit, a bar shi ya bushe sarai kafin a mayar da batir. Idan kuwa R6 ne ya zuba, nasa ruwan mai tsami ne, ɗan bekin soda da aka dama ya fi dacewa da shi. Ƙarfen da ya yi duhu kawai, kilinar fensir ta ishe shi. Amma idan ka haska tocila ka ga abin ya bi sifirin ya gangara can ciki, ko sifirin ɗin ya cinye har yana karyewa, wannan kyamara ta kwancewa ce, da farashin kwancewa za ka saya.

Shi kuma lithiyam kumbura yake yi idan ya tsufa, ko ya sha zafi, ko jabu ne. Alamar farko, ka ja sakata batirin bai zamo da kansa ba. Ka ɗora shi a kan tebur mai santsi ka juya: in ya yi ta juyi kamar an kafa shi a kan cibiya, cikinsa ya fara tasowa, a daina aiki da shi. In ya riga ya maƙale a ciki, kada a sa wuƙa ko sukurudireba, don huda batirin lithiyam yana iya tayar da wuta. A manna salatif mai ƙarfi a gindinsa a ja a hankali. In ya ƙi, a kai wa mai gyara.

Kowane gari da nasa ciwon

Mu da muke warwatse, iskar garuruwanmu ba ɗaya ba ce. 'Yan'uwa na bakin teku, Akara da Lome da Kwatano da Duwala, abokin gabarku danshi ne da gishirin iska. Shi ke sa tsatsa a sifirin da ɗan siririn ƙarfen da murfi ke juyawa a kai. Ku ajiye kaya a cikin roba mai murfi tare da 'yan ƙunshin nan na ƙwayoyi da ke zuwa cikin kwalin sabon takalmi, suna tsotse laima.

Mu na sama kuwa, Yamai da Maraɗi da Garwa da Njamena har Sudan, zafi ne da ƙura. Yawancin littattafan kyamara suna cewa a yi aiki da ita tsakanin digiri 0 zuwa 40, mu kuwa a watan Afrilu da Mayu muna haura 40 ko a inuwa. Balle a bar ta cikin mota a rufe, ko a baje ta a tebur a rana don masu wucewa su gani. Zafin yana gasa roba, yana kumbura batir. Idan hunturu ya shigo kuma, murfin da ya ɗan ɗaga ƙofa ce ga ƙura. Dama sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Manyan kyamarori masu tsada suna da zoben roba mai taushi a gefen murfi don tare ƙura da ruwa. Masu shiga ruwa irin Tough na Olympus har sakata biyu gare su, kuma na baya-bayansu an yi su don su jure zurfin mita 15. Amma duk wannan alkawari a kan zoben robar ya dogara. In ya tsage, ko gashi ɗaya ko ƙwayar yashi ta kwanta a kai, ruwa zai shiga. Tsohuwar kyamarar ruwa ta gwanjo, ni ban taɓa ce wa mai saye ya tsoma ta ba.

Yadda nake dubawa kafin in biya

Da farko nakan juya ta in kalli ƙasanta tun ban buɗe ba. Murfin ya kwanta daidai da jiki, ko akwai 'yar tazara? Akwai shaidar salatif ko gam? Farin hazo a kan roba alama ce an taɓa liƙa shi da sufa gulu.

Sai in buɗe in rufe sau uku ko huɗu. Lafiyayyen murfi yana zamewa sumul, ya ce ƙyas idan ya kama. In haska tocila in ƙirga haƙoran, na jikin murfi da na jikin ganga. Wanda ya fara fari a gindinsa ya kusa ɓallewa.

Sai in leƙa ciki: farin gari, kore, tsatsa, ko wani wari.

Sai in saka batirina da na zo da shi, wanda na san lafiyarsa. In kunna, in ɗan girgiza ta, in danna murfin da yatsa in saki. In ta ɗauke wuta, akwai magana.

Daga ƙarshe in duba kwanan wata. Kyamarori da dama suna da wani ɗan batir na daban da ke riƙe agogo. A wasu PowerShot A, ɗan batir ne kamar sulalla, CR1220, a cikin 'yar durowa kusa da manyan batiran, canza shi ba wuya. In kyamara tana tambayar kwanan wata duk lokacin da aka kunna, shi ne ya mutu. Ba babban ciwo ba ne, amma dalili ne na neman ragi.

Duk wannan bai fi minti biyu ba a kowace ɗaya. Mai saro katan guda ba tare da ya duba ba, ya sa a ransa wani kaso na ciki na kwancewa ne, ya yi lissafinsa a kan haka. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Kuma kada ya zubar da matattun, don murfin matacciya shi ke tayar da 'yar'uwarta.

In ya riga ya karye fa?

Robar ɗaure kuɗi da salatif suna fitar da mutum kunya na yini ɗaya, amma zafi yana sake su. Sufa gulu ba ya riƙe wurin da sifirin ke turawa, tiririnsa kuma yana ɓata roba da gilashi. Dabarar da na ga ta fi tsayawa ita ce ta ramin noti. A ƙasan kusan kowace kyamara akwai rami mai zare da ake ɗaura ta a kan ƙafa uku, kuma awonsa ɗaya ne a ko'ina, kwatan inci. A sa maƙeri ko mai walda ya yanko ɗan faifan ƙarfe siriri, ya huda shi, a ɗaure da gajeren noti a wannan ramin yadda faifan zai danne murfin. In za a canza batir a sassauta, a juya shi gefe. Notin dai ya zama gajere, dogo yana iya fasa ciki. Ba ta da kyan gani, amma tana aiki.

Ga masu hoto da matafiya

Ɗan'uwa mai hoton biki, kafin ka sayi kyamarar aiki ka duba inda aka sa murfin. A ƙanana da yawa yana manne da ramin noti, memori ma a nan ciki yake. Ka ɗaura ta a kan ƙafa uku, batir ya ƙare ana tsakar ɗaurin aure, sai ka kwance komai kafin ka canza, kafin ka gama an shafa fatiha. Wadda memorinta ke gefe ta fi maka. Kuma kada ka buɗe murfi fitilar memori tana ƙiftawa, hoton da take rubutawa yana iya lalacewa, wani lokaci har da na gabansa. Biki kuwa ba a maimaita shi.

Alhazan da ke hawa jirgi zuwa Dubai ko Gwanzu, ku tuna dokar jiragen sama: batirin lithiyam da ba a cikin na'ura yake ba, ba a saka shi a jakar da za a auna, a jakar hannu ake riƙe shi, kowanne a rufe bakinsa don kada ya haɗu da makulli ko sulalla. Wannan dokar ta batiran amfanin kai ce. Na sayarwa mai yawa, ta hanyar kamfanin dakon kaya ake turo shi.

Ga uwargida

Hajiya, kyamarar nan da maigida ya saya lokacin sunan babban yaro, take kwance a durowa tun tuni, yau ɗin nan a ciro ta a zare batirin. In na lithiyam ne, a bar shi da kamar rabin caji a wuri mai sanyi. A kwashe hotunan da ke memori a ajiye su wani wuri na biyu, don a ciki akwai fuskokin da ba za a sake ɗauka ba. Sannan a kula da ɗan batirin nan mai kama da sulalla. Yaro in ya haɗiye shi, yana iya ƙona masa maƙoshi cikin awa biyu. In hakan ta faru kada a sa shi amai, kada a jira a ga alama, a nufi asibiti nan take.

Maganata ta ƙarshe ga masu rumfa. Mu baƙi ne a garuruwan da muke, kuma abin da ya zaunar da iyayenmu a zango shi ne an san su da amana. In murfi ya tsage, nuna wa mai saye da yatsanka, ka rage masa, ka koya masa yadda zai danna shi ya kwanta kafin ya zame shi. Wanda ka gaya wa gaskiya zai dawo da ƙaninsa. Wanda ka liƙe wa da gam kuwa, shi ma zai dawo, amma da wata fuskar.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu duba yadda ake gane caja da batirin jabu tun suna cikin kwali. Mai tambaya ko ƙarin bayani ya aiko ta hannun edita kamar yadda aka saba.